San Faransisko a Zamanin Rububin Zinariya: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwar Titi

A farkon 1848 San Faransisko, da ke Kalifoniya a yammacin Amurka ta yau, ƙauyen bakin teku ne wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. Kafin 1849 ta ƙare ana maganar mutum 25,000, yawancinsu maza, yawancinsu kuma ba da niyyar zama suka zo ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da yadda rayuwa take a titunan tsakiyar garin a waɗannan shekaru.

Wane rububi ake nufi, kuma yaushe aka yi shi?

Ranar 24 ga Janairu, 1848, wani kafinta mai suna James Marshall yana duba magudanar ruwan injin yanka katako da yake gina wa ubangidansa John Sutter a Coloma, bakin kogin da ake kira Kogin Amurka, sai ya hangi wani abu yana ƙyalli a cikin tsakuwa. Ashe zinariya ce. Kwana tara bayan haka Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya ga Amurka, alhali masu sa hannun ba su san abin da ke kwance a ƙasar ba.

Mutanen gabashin Amurka sun ɗauki labarin a matsayin ji-ta-ji-ta har zuwa Disambar 1848, lokacin da shugaban ƙasa James Polk ya tabbatar da shi a gaban majalisa. Daga nan sai hanya ta cika. Wasu suka kewayo ta ƙasan Kudancin Amurka a jirgin ruwa, tafiyar wata biyar zuwa takwas. Wasu suka ratsa dajin Fanama da zazzaɓinsa. Wasu suka keto ƙasa da keken shanu. Zuwa 1855 kimanin mutum 300,000 sun shigo Kalifoniya.

A cikin garin ake haƙar zinariyar?

A'a. Coloma tana da nisan kimanin kilomita 200 daga San Faransisko, kuma duk wuraren haƙar suna can gindin tsaunuka. Abin da garin yake da shi shi ne tashar jiragen ruwa mai kyau. Duk wanda ya zo ta teku a nan zai sauka, a nan zai sayi shebur da diga da bargo, sannan ya hau ƙaramin jirgi ya bi kogi zuwa Sacramento ko Stockton. Ganin Dala ba shiga birni ba: da yawa sun sauka aljihu wayam, dole suka tsaya dako ko aikin gini kafin su tara kuɗin ƙarasawa. In damina ta zo koguna suka cika, mahaƙan sai su gangaro gari da abin da suka tara. A dawa ake tono zinariyar, amma a titin San Faransisko take kwana.

Yaya labarin ya shigo gari?

Ta bakin Sam Brannan, ɗan kasuwa kuma mai jarida, wanda ke da kanti kusa da gandun Sutter. Da ya ga ma'aikata suna biyan kaya da garin zinariya, bai yi gaggawar buɗe baki ba. Sai da ya tara shebur da diga da tasoshin wanke yashi iya abin da hannunsa ya kai, sannan a watan Mayun 1848 ya bi titunan garin riƙe da kwalba cike da garin zinariya, yana ɗaga hula yana shelar cewa ga zinariya daga Kogin Amurka.

Cikin 'yan makonni gari ya yi tsit. Jaridun garin guda biyu suka daina fitowa, don babu masu bugawa, babu masu karantawa. Makarantar gwamnati da aka buɗe a watan Afrilu ta rufe, malamin ma ya bi ayari. Wato farkon abin da zinariya ta yi wa garin shi ne ta kwashe shi. Cikar daga baya ta zo.

Baƙon da ya iso a 1849 ko 1850, me zai fara gani?

Jirage, ɗaruruwansu, a tsaye cikin ruwa babu kowa a ciki, sandunansu sun yi cirko-cirko kamar dajin da ya kaɗe ganye. Da jirgi ya yada zango, ma'aikatansa sai su sulale cikin dare su nufi tsauni, wani lokaci har da kyaftin ɗin. Wa zai tsaya wa albashin wata, bayan ya ji ana samun fiye da shi a wuni ɗaya? Jirgin California, jirgi mai tururi na farko da ya kawo wasiƙu a ƙarshen Fabrairun 1849, kusan duk ma'aikatansa sun gudu sun bar shi.

To garin da ba shi da katako ba ya barin katako yana ruɓewa a ruwa. Sai aka fara jawo jiragen zuwa gaɓa ana mai da su gidaje. Niantic, tsohon jirgin farautar manyan kifaye, an ja shi har inda titin Clay da Sansome suka haɗu a yau, aka huda ƙofofi a cikinsa, aka yi masa rufi, ya zama sito da ofisoshi. Apollo ya zama sito da mashaya. Euphemia kuwa majalisar gari ce ta saye shi ta mai da shi gidan yari, har masu taɓin hankali a ciki ake tsare su.

A wancan lokacin ruwan teku har titin Montgomery yake kawowa. 'Yan kasuwa suka riƙa miƙa gadojin katako cikin ruwa don sauke kaya, gadojin suka zama tituna, aka jera shaguna a kansu bisa turaku. Tsakanin gada da gada kuma ana ta zuba yashin tuddai da shara da duk abin da ba a so. Har filayen da ke ƙarƙashin ruwa an yanka an sayar, kuma wasu masu wayo kan nutsar da jirgi da gangan a kan fili don su kafa hujjar mallaka. Da haka ƙasa ta ci ruwa, aka wayi gari mutum yana tafiya a titi sai ya ga gangar jikin jirgi a tsakanin kantuna biyu, teku kuwa ta yi nisa.

Titunan kansu fa, yaya suke?

Da rani ƙura da yashi, ga iskar la'asar da ke watsa su a ido da abinci. Da damina kuwa abin ba a cewa komai. Daminar ƙarshen 1849 zuwa farkon 1850 ta zo da ruwa mai yawa, ga tituna babu daɓe, ga kekunan dawaki da alfadarai suna kirɓa su dare da rana. Taɓo ya kai gwiwa, a wasu wuraren ya kai ƙugu. An yi ta zuba rassan itace, taɓon yana haɗiyewa. Akwai labaran alfadarai da suka nutse ba a iya ciro su ba, da mashayan da suka faɗa cikin dare. A mahaɗar Clay da Kearny wani ya kafa allo yana sanar da cewa titin nan ba ya biyuwa, ko ga jaki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da aka riƙa shimfiɗawa a taka. Akwatunan taba, buhunan kofi, murhunan ƙarfe, duk sababbi fil. Dalili kuwa, kayan sun yi yawa a kasuwa, kuɗin ajiya a sito ya fi kuɗinsu, katako kuma ya fi su tsada. Daga 1850 aka fara shimfiɗa katako a manyan tituna. Ya rage taɓo, amma ya kawo nasa: ramuka inda katakon ya ruɓe, mafakar ɓeraye a ƙarƙashi, da kuma makamashi ga gobara. Fitilun titi masu aiki da iskar gas sai a Fabrairun 1854 aka kunna su. Kafin nan mai fita da dare da fitilarsa yake fita.

Ina ne cibiyar garin?

Dandalin Portsmouth. A nan Kyaftin John Montgomery ya kafa tutar Amurka a Yulin 1846, kuma sunan jirginsa aka sa wa wurin, shi kuma aka sa wa titin bakin ruwa sunansa. Fili ne mai gangare, babu ciyawa babu inuwa, amma a nan ake taron gari, a nan ake shela, a nan ake gwanjo, daga baya ma a nan aka yi rataya.

Gidajen caca ne suka kewaye shi: El Dorado, Parker House, Bella Union, Dennison's Exchange. Ɗan jarida Bayard Taylor, wanda ya zo daga New York a 1849, ya ruwaito cewa hayar Parker House a shekara dala 110,000 ce, kuma fiye da rabinta 'yan caca ke biya. El Dorado a lokacin tanti ne kawai, ƙafa 15 a ƙafa 25, amma hayarsa dala 40,000.

Kada a yi saurin cewa duk wanda ya shiga ɗan iska ne. A duba inda mutumin yake kwana: tanti mai yoyo, ko kanta a ɗakin da aka cusa mutum ashirin, ga ƙuma ga sanyi. Gidan caca kuwa akwai fitilu, akwai ɗumi, akwai madubai da makaɗa, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Shi ne zauren garin. Wanda ya shiga don ya ji ɗumi, kafin ya ankara ya tsinci kansa a gaban tebur, ya ɗora jakar da ya yi wata shida tsaye cikin ruwan sanyi yana tarawa a kan karta ɗaya.

Ranar Lahadi kuma wani mai wa'azin Kirista, William Taylor, yakan hau teburin kafinta a dandalin, shi da matarsa su rera waƙa har jama'a su fito daga gidajen cacar su taru, sannan ya fara. Shi ne daga baya, a 1884, cocinsa ta naɗa bishop mai kula da ayyukanta a Afirka.

Da wane kuɗi ake ciniki?

Da garin zinariya. Kowane kanti da sikelinsa a kan kanta, kowane mahaƙi da jakar fatarsa. Farashin da aka saba shi ne dala 16 kowace oza, wato kimanin giram 31. A mashaya ba a tsayawa awo: mai sayarwa zai sa yatsu biyu ya tsinko, a lissafa dala ɗaya. Shi ya sa ake raha cewa mai kaurin yatsu ya fi saurin samun aiki. Tsabar kuɗi kuwa ta kowace ƙasa tana tafiya, ta Meziko, ta Faransa, ta Ingila, ana kimanta su da girma. Kamfanoni masu zaman kansu sun riƙa buga nasu sulallan kafin gwamnati ta buɗe gidan buga kuɗi a garin a 1854.

Da gaske ne ƙwai ɗaya ya kai dala ɗaya?

Ya kai. Garin ba ya noma, ba ya kiwo, komai ta jirgi yake zuwa. Ƙarancin ƙwai ya sa wasu suka riƙa shiga kwale-kwale zuwa tsibiran Farallon, kimanin kilomita 45 cikin teku, suna kwaso ƙwan tsuntsayen ruwa daga kan duwatsu masu santsi. Ƙwan manya ne, gwaiduwarsu ja, farinsu ko an soya ba ya yin fari. Sana'ar ta yi kuɗi har ta kai ga harbe-harbe a 1863, mutum biyu suka mutu.

Wanki ya fi ban dariya. Dozin ɗin riguna dala takwas, saboda babu mai son tsayawa wanki da guga. Sai wasu suka ga ya fi sauƙi su ɗaure kayan dauɗa su aika Hawayi ko Kanton ta ƙasar Sin a wanko, ko da za a yi watanni kafin su dawo. Wasu kuma su sa riga har ta yi baƙi su jefar a titi su sayi sabuwa. Ruwan sha ma saye ake yi daga 'yan ga-ruwa masu ganga a kan amalanke ko bayan jaki, wani ma daga Sausalito ake ɗauko shi a jirgi, tsallaken ruwa.

Sai dai tsadar ba ta da tsari. Saƙo daga San Faransisko zuwa New York da dawowar kaya yakan ci fiye da rabin shekara. In aka ji labarin cewa abu kaza ya yi wuya, 'yan kasuwa goma za su loda shi lokaci ɗaya, jiragensu su iso a mako ɗaya, farashi ya faɗi warwas. Shi ya sa gwanjo ya zama sana'ar titi, masu ƙararrawa suna kira daga safe har dare. Joshua Norton, ɗan kasuwar da ya zo daga Afirka ta Kudu, ya ga shinkafa ta yi tsada a ƙarshen 1852, sai ya saye lodin jirgi guda daga Peru a kan dala 25,000 don ya riƙe kasuwa. Bai gama murna ba wasu jiragen shinkafar suka shigo. Shari'a ta cinye sauran dukiyarsa. A 1859 ya fito ya shelanta kansa Sarkin Sarakunan Amurka, ya yi shekara ashirin yana zaga titunan da kakin soja, mutanen gari suna gaishe shi suna biye masa.

Waɗanne irin mutane ne ke cika titin?

Da farko dai maza ne matasa. Ƙidayar 1850 ta nuna mata ba su kai goma cikin ɗari na mutanen Kalifoniya ba. Matan da suka buɗe gidan abinci ko masauki ko wanki sun samu fiye da mahaƙa da yawa. Akwai kuma karuwai, wasu da ƙafarsu suka zo, wasu kuwa, musamman daga Sin da Kudancin Amurka, kawo su aka yi da bashi a wuya.

Mutanen Chile da Peru da arewacin Meziko suna cikin waɗanda suka fara isowa, don labari ya riga kai musu ta teku, kuma da yawansu sun fi Amurkawa sanin aikin haƙa. Faransawa sun samu laƙabin Keskidi saboda yawan tambayar "me ya ce?" da harshensu. Akwai Jamusawa, da 'yan Ailan, da mutanen Hawayi, da 'yan Ostireliya. A 1852 kaɗai Sinawa kimanin 20,000 suka sauka, yawancinsu daga lardin Guangdong, suna kiran ƙasar Dutsen Zinariya. Sun fara kafa kantunansu a titin Sacramento, dab da dandali.

Cakuɗuwar ba ta zama zumunci ba. A 1850 aka ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 20 a wata, aka soke shi, aka sake kawo wani a 1852 wanda nauyinsa ya fi faɗawa kan Sinawa. Doka ta hana baƙar fata da 'yan asalin ƙasa ba da shaida a kotu a kan farar fata, a 1854 kotun ƙolin jihar ta haɗa da Sinawa. Ma'anar wannan a titi ita ce, in aka dake ka ko aka ƙwace kayanka, ba ka da bakin magana sai in wani Bature ya yarda ya tsaya maka.

'Yan asalin ƙasar kuwa su suka fi kowa ɗanɗana kuɗa. Dokar 1850 ta ba da damar kama su da sunan zaman banza a yi gwanjon ƙwadagonsu. Tsakanin kisa da yunwa da cuta, yawansu ya faɗo daga kimanin 150,000 zuwa kimanin 30,000 cikin shekara ashirin da 'yan kai. A 2019 gwamnan jihar ya nemi gafara, ya kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi.

Akwai baƙaƙen fata a garin?

Akwai, tun kafin zinariya ma. William Leidesdorff, wanda mahaifiyarsa jinin Afirka ce daga tsibirin St. Croix na yankin Karibiyan, yana cikin manyan attajiran ƙauyen, shi ya gina City Hotel, ya kuma riƙe ma'ajin gari. Ya rasu a Mayun 1848, daidai lokacin da ake fara rububin. Har yau akwai titi mai sunansa a unguwar bankuna.

Mifflin Gibbs ya zo daga Philadelphia a 1850. Kafinta ne, amma Turawan da ke wurin aikin suka ce ba za su yi aiki da shi ba, sai ya koma goge takalma a bakin titi. Daga nan ya haɗa jari da Peter Lester suka buɗe kantin takalma mai kyau. Wata rana wasu Turawa suka lakaɗa wa Lester duka a cikin kantinsa, babu shari'ar da aka yi, saboda waccan dokar shaida. A 1858 Gibbs da Lester da ɗaruruwan baƙaƙen fata suka tattara suka koma Victoria, a Kanada ta yau, ƙarƙashin mulkin Ingila.

Yaya ake samun labarin gida?

A kan tudun da ake kira Telegraph aka kafa dogon sanda mai hannuwa biyu na katako a 1849. Yadda aka karkata hannuwan shi ke nuna irin jirgin da ke shigowa, kuma kowa a gari ya haddace alamomin. In aka ga an ware hannuwan duka biyu, jirgin wasiƙu ne mai tururi. Nan take a bar ciniki a nufi gidan waya. Layi kan miƙe har ya sha kwana, wasu su kwana a wurin da bargo, masu kofi da burodi suna bin layin da talla. Marasa aiki suka gano sana'a: su kama layi tun dare, da safe su sayar wa mai kuɗi gurbinsu.

Ranar tashin jirgi ita ce ranar biyan bashi, don a ranar ake aika zinariya gabas. Nisan ya kai a ce an karɓi Kalifoniya cikin jihohin Amurka ranar 9 ga Satumba, 1850, amma mutanen San Faransisko ba su ji ba sai 18 ga Oktoba, da jirgin Oregon ya shigo da tutoci yana harba igwa.

Me ya sa ake yawan ambaton gobara?

Saboda cikin wata goma sha takwas manyan gobara shida suka cinye tsakiyar garin. Ta farko ta tashi ranar 24 ga Disamba, 1849, daga gidan cacar Dennison's Exchange. Uku suka biyo baya a 1850, a Mayu da Yuni da Satumba. Ta daren 3 zuwa 4 ga Mayu, 1851, ita ce uwarsu, ta lashe mafi yawan unguwar kasuwa. Ta ƙarshe ta zo ranar 22 ga Yuni.

Gari ne na tanti da katako, bangon ɗaki yadi ne da aka manna wa takarda, haske fitilar mai da kyandir, ga iska, ga ƙarancin ruwa. Titunan katakon nan da ke da rami a ƙarƙashi sai suka zama kamar zuga-zugi, wuta ta bi ta ƙasa ta ɓullo a gaba. Wasu 'yan kasuwa sun sayo gidajen ƙarfe daga waje da tunanin wuta ba ta cin su. A gobarar Mayun 1851 waɗansu suka kulle kansu ciki don tsare kaya, zafi ya kumbura ƙofofin suka ƙi buɗuwa, a nan suka mutu. Wani sito kuma da ruwan tsami na binega aka cece shi, da ruwa ya ƙare.

Toka ba ta gama hucewa za a ji ƙarar guduma. Da irin wannan haya, kwana ɗaya babu rufi asara ce babba. Ƙungiyoyin 'yan kwana-kwana na sa-kai suka zama masu faɗa a ji a siyasar gari, aka haƙa rijiyoyin ajiye ruwa a mahaɗar tituna, aka koma gini da bulo da dutse. Wani ginin ma a ƙasar Sin aka sassaƙo duwatsunsa, aka zo da maginan Sinawa suka harhaɗa shi a 1852.

Babu hukuma ne? Wa ke tsare mutane?

Akwai ta, amma gari ya fi ƙarfinta. A 1849 wasu 'yan daba, da yawansu tsofaffin sojojin da aka sallama, suna kiran kansu Hounds, wato karnukan farauta, sukan ci abinci su ƙi biya, su yi fareti ranar Lahadi. Ranar 15 ga Yuli suka auka wa tantunan mutanen Chile a gindin tudun Telegraph da duka da harbi da wawaso. Washegari jama'a suka taru a dandali, aka kama su aka yi musu shari'a, amma babu ƙwaƙƙwaran gidan yarin da za a sa su. Daga nan ne aka sayi jirgin Euphemia.

A Yunin 1851 'yan kasuwa, Brannan a gaba, suka kafa kwamitin 'yan banga. Zargi ya faɗa kan 'yan Ostireliya, waɗanda wasunsu tsofaffin fursunoni ne, cewa su ke sa wuta don su yi sata. Na farko da ya faɗa hannu shi ne John Jenkins, wanda ya saci ƙaramin akwatin kuɗi na ƙarfe ya gudu da shi a kwale-kwale. Cikin dare ɗaya aka kama shi, aka yi masa shari'a a ɓoye, aka rataye shi a jikin tsohon ginin kwastan da ke dandali kafin asuba. Mutum huɗu suka rataye a shekarar, biyu daga ciki ma daga gidan yarin gwamnati suka fizgo su ana tsakiyar ibadar Lahadi.

A 1856 kwamitin ya dawo da dubban mutane da bindigogi, bayan wani ɗan siyasa, James Casey, ya harbe editan jarida James King a titi saboda ya tona cewa ya taɓa zaman kurkuku a New York. Ranar jana'izar King aka rataye Casey tare da wani ɗan caca, Charles Cora. An daɗe ana ba da labarin nan a matsayin na mutanen kirki da suka tsabtace gari. Ni dai ina ganin a lura da su wa aka kora: a 1851 baƙi ne, a 1856 kuwa yawanci 'yan siyasar Ailan ne da ke riƙe da mulkin gari, kuma da aka gama, jam'iyyar 'yan kwamitin ce ta hau kujerun.

A ƙarshe wa ya ci ribar?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda suka isa a 1848 sun samu sosai, don zinariyar tana sama-sama. Na baya kuwa yawancinsu abin da suka tono a abinci da kaya da caca ya ƙare. Masu fili, masu jirage, masu sito, masu banki, su suka tara. Kamfanin Wells Fargo an kafa shi a 1852 don jigilar zinariya da saƙonni. Domingo Ghirardelli ya gwada haƙa bai ji da daɗi ba, ya koma sayar da kayan masarufi da cakulan. Levi Strauss ya zo a 1853 yana sarin yadi da tufafi, wandon jins da ya yi suna da shi kuwa sai 1873 aka yi masa rajista, don haka mahaƙan 1849 ba su taɓa sa shi ba.

Amma ko gardin ba kullum yake kwana da kuɗin ba. Brannan, wanda ake cewa shi ne miloniya na farko a rububin, ya mutu a 1889 ba shi da komai. Sutter ma'aikatansa suka watse, baƙi suka mamaye gandunsa suka yanka shanunsa. Marshall da ya fara ganin ƙyallin ya mutu a 1885 cikin talauci.

Yaushe abin ya lafa, kuma me ya rage a yau?

Haƙar ta kai ƙololuwa a 1852, daga nan ta fara sauka. Zinariyar da mutum ɗaya zai wanke da tasa ta ƙare, saura sai kamfani mai jari da injuna, mahaƙi ya koma ɗan ƙwadago. A Oktoban 1854 Henry Meiggs, ɗan majalisar gari kuma mai gadar lodi, ya sulale a jirgi da iyalinsa bayan ya ci bashi da takardun gwamnati na jabu, ya je Chile da Peru ya zama babban mai shimfiɗa layin dogo. A Fabrairun 1855 manyan bankuna biyu, Page Bacon da Adams, suka rufe ƙofa, jama'a suka yi cincirindo a titin Montgomery suna neman ajiyarsu.

Dandalin Portsmouth yana nan, a tsakiyar unguwar Sinawa, tsofaffi suna zama suna buga karta da dara, a ƙarƙashinsa kuma wurin ajiye motoci ne. Jiragen ma suna nan, gommansu, a ƙarƙashin dogayen benaye. A 1978 masu haƙar harsashin gini kusa da benen Transamerica suka ci karo da gindin Niantic, har da kwalaben giyar Faransa da ba a buɗe ba. A 2001 aka tono jirgin General Harrison a mahaɗar Battery da Clay, aka yi nazarinsa aka sake binne shi. A 1994 masu haƙa ramin jirgin ƙasa na cikin gari suka tarar da wani jirgi mai suna Rome a kan hanyarsu. Ya yi girman da ba za a iya ciro shi ba, sai suka huda ta cikinsa suka wuce, kuma ta nan fasinjoji ke bi kullum.